Mutum Bakwai Cikin Jirgi Ɗaya: Tarihin Aikin Soja na Guy Gibson da Abokan Tafiyarsa, 1936-1944

1.0 Gabatarwa

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu suka fi sani da sunan Yaƙin Hitila, an fara shi a shekarar 1939 aka ƙare a 1945. Galibi idan ana koyar da tarihinsa akan tsaya ne ga sunayen shugabannin ƙasashe da manyan hafsoshi da kuma jimlar waɗanda suka mutu. To amma akwai wata hanyar nazari da masana tarihi kan bi, wato a ɗauki mutane ƙalilan waɗanda suka yi aiki tare, a bi sawun kowannensu tun daga ranar da ya shiga soja har zuwa ranar da aka rufe littafin aikinsa. Wannan takarda za ta bi wannan hanya ce. Za mu duba mutum bakwai da suka kasance cikin jirgin da ya jagoranci harin da sojojin saman Birtaniya suka kai wa madatsun ruwan Jamus a daren 16 ga watan Mayu, 1943. Za mu ga inda kowa ya fito, da aikin da ya riƙe a jirgin, da abin da ya same shi daga baya. Daga nan sai mu tambayi kanmu abin da tarihin nasu ke nuna mana game da yaƙin sama gaba ɗaya.

2.0 Tsarin Aiki a Rundunar Jiragen Bam

Kafin a fahimci tarihin waɗannan mutane, wajibi ne mai karatu ya san yadda aikin yake. Sojojin saman Birtaniya suna da wata babbar runduna wadda aikinta kawai shi ne kai hari da bama-bamai a cikin Jamus da ƙasashen da ta mamaye, kuma tun daga watan Fabrairu na 1942 Arthur Harris ne ke shugabancinta. An raba rundunar rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa. Babban jirgin da suka fi dogara da shi daga 1942 shi ne Lancaster, mai inji huɗu, wanda aka ƙera guda 7,377 nasa kafin a daina. Mutum bakwai ke shiga cikinsa: matuƙi, da injiniyan jirgi, da mai duba hanya, da mai rediyo, da mai saitin bam, da 'yan bindiga biyu.

Duk wanda ya shiga aikin jirgi da kansa ya nema, ba a tilasta wa kowa ba. Dokar aiki kuwa ita ce, mutum zai yi fita 30 zuwa ƙasar abokan gaba, wannan shi ne zango na farko. In ya tsira sai a ba shi hutu na kamar wata shida, yawanci yana koyar da sababbi, sa'an nan a sake kiransa zango na biyu mai fita 20. Ga ɗan lissafi domin misali. Idan a kowace fita ana rasa jirgi 4 cikin 100, to waɗanda za su kammala fita 30 ba su wuce mutum 3 cikin 10 ba, waɗanda za su kai fita 50 kuwa kimanin 13 ne cikin 100. Alƙaluman ƙarshen yaƙi sun tabbatar da tsananin abin: daga cikin kimanin mutum 125,000 da suka yi aikin jirgi a wannan runduna, 55,573 sun mutu, wato kashi 44 cikin 100.

3.0 Mutanen Bakwai Kafin Harin

3.1 Guy Gibson, matuƙi. An haife shi a garin Simla na Indiya ranar 12 ga Agusta, 1918, ya yi karatu a Ingila, ya shiga sojan sama a ƙarshen 1936. Ranar da Birtaniya ta shiga yaƙi, 3 ga Satumba, 1939, yana cikin waɗanda suka tashi fita ta farko tare da rukuni na 83 daga sansanin Scampton. Da ya gama zangonsa a 1940 bai zauna koyarwa da daɗewa ba, sai ya koma rukuni na 29 mai farautar jiragen Jamus da dare, inda ya yi fita kusan 100. A 1942, yana da shekara 23 kacal, aka ba shi shugabancin rukuni na 106. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun shaide shi da jarunta da tsananin horo, sun kuma ce ba ya sakin fuska ga ƙananan sojoji da makanikai. A watan Maris na 1943, yana shirin tafiya hutu, shugabansa Ralph Cochrane ya nemi ya ƙara fita guda ɗaya, ba tare da ya gaya masa inda za a kai harin ba. Haka aka kafa rukuni na 617.

3.2 John Pulford, injiniyan jirgi. Mutumin garin Hull ne, an haife shi a watan Disamba na 1919. Ya fara aikin soja ne a ƙasa, cikin masu kula da injuna. Da aka shigo da manyan jirage masu inji huɗu sai aka buƙaci wanda zai zauna kusa da matuƙi yana lura da mai da injuna, aka riƙa ɗibar irin su Pulford daga cikin makanikai. Ya yi fitarsa ta farko da rukuni na 97 kafin a kawo shi wurin Gibson, yana da muƙamin saje.

3.3 Harlo Taerum, mai duba hanya. Ɗan Kanada ne daga wani ƙauyen manoma mai suna Milo a lardin Alberta, an haife shi a 1920. Mahaifinsa ɗan asalin Norway ne, ƙasar da Jamus ta mamaye a watan Afrilu na 1940. Ya shiga sojan saman Kanada a 1941, ya ƙetare zuwa Ingila, ya yi zangonsa da rukuni na 50.

3.4 Robert Hutchison, mai rediyo. Mutumin Liverpool ne, an haife shi a 1918. Shi kaɗai ne cikin mutanen shida ya saba tashi tare da Gibson tun a rukuni na 106, inda ya kammala zango har ya sami lambar yabo ta DFC.

3.5 Frederick Spafford, mai saitin bam. An haife shi a Adelaide ta Ostiraliya a 1918, ya shiga sojan saman ƙasarsa a 1940. Da fari an horar da shi a matsayin ɗan bindiga ne, daga baya ya koma saitin bam. Shi ma rukuni na 50 ya yi wa aiki, ya sami lambar DFM.

3.6 George Deering, ɗan bindigar gaba. An haife shi a Sikotilan a 1919, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Toronto ta Kanada tun yana ƙarami. Ya yi zangonsa da rukuni na 103.

3.7 Richard Trevor-Roper, ɗan bindigar baya. Shi ne babba a cikinsu, an haife shi a watan Mayu na 1915. Mahaifinsa ya mutu a fagen fama a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato ya tashi maraya tun yana ɗan shekara biyu. Ya taɓa aikin sojan ƙasa kafin ya koma na sama, ya yi fita da yawa da rukuni na 50, ya sami lambar DFM.

Abubuwa biyu ne ya kamata a lura da su a nan. Na farko, uku daga cikin bakwai ɗin ba sojojin Birtaniya ba ne kai tsaye, na Kanada ne da Ostiraliya. Haka abin yake a dukan harin: cikin mutum 133 da suka tashi, 29 na rundunar Kanada ne, 12 na Ostiraliya, 2 na New Zealand. Na biyu, a al'adar rundunar, matasa kan zaɓi junansu ne tun a makarantar horo, su zauna tare har ƙarshen zango. Waɗannan kuwa haɗo su aka yi daga wurare dabam-dabam saboda ƙwarewarsu, kuma yawancinsu sun riga sun biya bashin zango na farko.

4.0 Daren 16 ga Mayu, 1943

Manufar harin ita ce a fasa madatsun da ke ba yankin masana'antu na Ruhr ruwa da lantarki, musamman na Möhne da Eder da Sorpe. Wani injiniya mai suna Barnes Wallis ne ya ƙirƙiro makamin. Bam ne mai siffar ganga, nauyinsa ya ɗara tan 4, ana juya shi baya-baya sau 500 a minti kafin a sake shi. Idan ya faɗa kan ruwa sai ya riƙa tsalle kamar yadda yara kan jefa faffaɗan dutse a tafki, ya tsallake ragar ƙarfe da aka shimfiɗa domin tsaro, ya bugi bangon madatsa, ya nutse a jikinsa, sa'an nan ya fashe a ƙarƙashin ruwa. Sharaɗin shi ne, dole jirgi ya sauko zuwa ƙafa 60, wato kimanin mita 18, bisa ruwa, cikin dare, a kan gudu ƙayyadadde.

A nan ne maganar Hausawa ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ta fito fili. Gibson yana riƙe da jirgi. Pulford yana daidaita gudun injuna. An ɗaura fitilu biyu a ƙarƙashin jirgin waɗanda haskensu ke haɗuwa a kan ruwa idan an kai tsayin da ake so, Taerum ne ke leƙen su yana cewa a yi sama ko a yi ƙasa. Hutchison yana lura da juyawar bam, shi ne kuma mai aika saƙo zuwa hedkwata a Grantham. Spafford yana kwance a hancin jirgi yana auna hasumiyoyi biyu na madatsar domin ya san lokacin saki. Deering da Trevor-Roper suna mayar da wuta ga bindigogin da ke kan bango. Kuskuren mutum ɗaya ya isa ya hallaka duka bakwai.

Jirage 19 ne suka tashi daga Scampton. Jirgin Gibson ya bar ƙasa da ƙarfe 9.39 na dare, shi ne kuma ya fara jefa bam a Möhne jim kaɗan bayan tsakar dare, amma nasa ya fashe kafin ya kai bango. Jirgi na biyu, na John Hopgood, an harbo shi. Daga nan Gibson ya riƙa tashi kafaɗa da kafaɗa da jiragen da suka biyo baya domin 'yan bindigar Jamus su raba hankalinsu, wato shi da mutanensa shida suka maimaita shiga wuta alhali sun riga sun sauke nasu kayan. Bayan bam na biyar bangon ya tsage. Suka zarce Eder, can ma aka fasa. Madatsar Sorpe, wadda aka gina da tarin ƙasa, ba ta fashe ba. Gibson ya sauka gida da ƙarfe 4.15 na asuba. Jirage 8 ba su dawo ba, mutum 53 sun mutu, an kama 3.

Ba daidai ba ne a ba da labarin nan a manta da waɗanda ke ƙasa. Ambaliyar ta kashe mutane tsakanin 1,300 da 1,600 bisa ƙididdiga mabambanta, kuma fiye da rabinsu ba Jamusawa ba ne. Fursunonin yaƙi ne da 'yan aikin tilas da aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye, cikinsu har da ɗaruruwan mata daga Tarayyar Sobiyet waɗanda aka tsare a wani sansani kusa da garin Neheim. Ruwan ya same su cikin dare a bukkokin katako.

5.0 Bayan Harin

An ba mutum 34 lambobin yabo. Gibson ya sami Victoria Cross, lamba mafi girma ta jarunta a Birtaniya. A jirginsa kowa ya sami wani abu: Taerum da Spafford da Deering da Trevor-Roper DFC, Hutchison ƙari a kan DFC ɗinsa, Pulford kuwa DFM. Bambancin lambobin biyu na muƙami ne kurum, DFC ta hafsoshi ce, DFM ta sajoji da ƙananan sojoji, ko da kuwa haɗarin da suka shiga ɗaya ne. Sarki George na Shida ya ziyarci Scampton ranar 27 ga Mayu, aka kuma raba lambobin a fadar Buckingham ranar 22 ga Yuni. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ita ce fita ɗaya tilo da mutanen bakwai suka yi tare zuwa ƙasar abokan gaba. An janye Gibson daga fagen fama, a watan Agusta ya bi ayarin Winston Churchill zuwa Kanada, ya zagaya can da Amurka yana jawabai domin ƙarfafa gwiwar jama'a.

5.1 Mutum huɗu a dare ɗaya. George Holden ne ya gaji shugabancin rukuni na 617, ya kuma gaji yawancin mutanen Gibson. A daren 15 ga Satumba, 1943, aka tura jirage 8 su fasa gaɓar mashigin ruwan Dortmund-Ems, wanda jiragen dakon kaya ke bi, da bama-bamai masu nauyin fiye da tan 5. Kamar na farko, tafiyar ƙasa-ƙasa aka yi. Kusa da garin Nordhorn bindigogin kakkaɓo jirage suka sami jirgin Holden, ya faɗi da bam ɗinsa, ba wanda ya fita. Taerum da Hutchison da Spafford da Deering duk suna ciki. A wannan dare jirage 5 cikin 8 aka rasa, mutum 33 suka mutu, mashigin kuma bai fashe ba. An binne su a maƙabartar sojoji ta dajin Reichswald a Jamus. 'Yan kwanaki kaɗan kafin haka Gibson ya gana da mahaifiyar Taerum a birnin Calgary, ya yaba mata ɗanta a bainar jama'a. Ƙanen Taerum, wanda shi ma ya shiga aikin jirgi, ya mutu a farkon 1945.

5.2 Pulford. Ba ya cikin jirgin Holden a wancan dare, ya ci gaba da aiki da rukuni na 617. A daren 12 ga Fabrairu, 1944, sun kai hari gadar jirgin ƙasa ta Anthéor a kudancin Faransa, suka dawo lafiya suka sauka a filin Ford da ke kudancin Ingila. Da safe suka tashi domin komawa sansaninsu cikin hazo, jirgin ya yi karo da wani tudu a yankin Sussex. Ba abokin gaba ne ya harbo su ba. Pulford ya rasu yana da shekara 24, aka kai shi garinsu Hull aka binne.

5.3 Trevor-Roper. Ya bar rukuni na 617, daga baya ya koma fagen fama da rukuni na 97, ɗaya daga cikin masu wucewa gaba suna haska wa sauran jirage wurin da za su jefa bam. A daren 30 ga Maris, 1944, aka tura jirage 795 zuwa Nuremberg cikin farin wata, jiragen farauta na Jamus suka tare su, aka rasa 95. Rundunar ba ta taɓa asara irin wannan a dare ɗaya ba. Jirgin Trevor-Roper yana cikinsu. Yana da shekara 28, kabarinsa yana maƙabartar Durnbach a kudancin Jamus.

5.4 Gibson. Da ya dawo daga Amurka aka ba shi aikin ofis, a lokacin ne ya rubuta littafinsa Enemy Coast Ahead, wanda aka buga a 1946. Zaman ofis bai yi masa ba, ya dinga neman a bar shi ya koma. A daren 19 ga Satumba, 1944, ya jagoranci hari kan Rheydt da Mönchengladbach cikin ƙaramin jirgi mai inji biyu da ake kira Mosquito, wanda bai saba da shi sosai ba. A kan hanyar dawowa jirgin ya faɗi a Steenbergen ta ƙasar Holan, shi da mai duba masa hanya James Warwick suka mutu. Masana sun yi saɓani kan dalili: wasu na ganin matsalar sauya tankin mai ce, wasu kuma na ganin wani jirginsu ne ya harbe shi bisa kuskure. Ya rasu yana da shekara 26, bayan fita fiye da 170. Mutanen garin sun sa wa tituna sunayensu su biyu.

6.0 Abin da Tarihin Nasu ke Nunawa

Cikin wata 16 da harin, duka bakwai sun mutu, ba wanda ya kai shekara 30. Darasi na farko shi ne, ƙwarewa ba ta kare su ba, hasali ma ita ce ta riƙa mayar da su inda haɗari ya fi yawa. Duk lokacin da aka sami aiki mai wuya, waɗanda suka nuna gwaninta a jiya su ake nema. Daga cikin mutum 80 da suka tsira a daren madatsun, 32 sun mutu kafin yaƙi ya ƙare, 48 ne kawai suka ga ƙarshensa.

Na biyu, mutuwarsu ta zo ta fuskoki huɗu da suka cinye mutanen rundunar gaba ɗaya: bindigar ƙasa, da mugun yanayi a gida, da jiragen farauta na dare, da haɗarin da ba a tantance musabbabinsa ba. Littafin aikin mutum bakwai ya zama tamkar ƙaramin hoton mutum 55,573.

Na uku, akwai tambayar riba da hasara, wadda har yanzu masana ke muhawara a kai. Masu ganin harin ya yi amfani suna cewa ya tilasta wa Jamus janye dubban ma'aikata daga ginin gandun tsaron gaɓar tekun Atalantika, ya kuma ɗaga martabar Birtaniya a idon Amurka da Tarayyar Sobiyet. Masu suka kuma suna nuna cewa ruwa da lantarki sun dawo Ruhr cikin makonni, an gyara bangon Möhne cikin kamar wata biyar, ba a kuma koma an kai wa masu gyaran hari ba. Wato a daidai lokacin da Taerum da abokansa uku suka mutu, magina suna gab da toshe ɓarakar da suka yi. Dokar ƙasa da ƙasa ma ta sauya: ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977, a sashe na 56, ya hana kai hari kan madatsun ruwa idan hakan zai jawo mutuwar farar hula masu yawa.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun bi sawun mutum bakwai daga Simla da Hull da Milo da Liverpool da Adelaide da Toronto da kudancin Ingila, har zuwa kaburbura a Jamus da Holan da Ingila. Fim ɗin The Dam Busters na 1955 ya sa sunan Gibson ya shahara, amma labarinsa ya tsaya ne a safiyar da aka dawo daga harin. Sai a shekarar 2012 aka buɗe dandalin tunawa da matattun rundunar a Green Park da ke Landan, saboda daɗewar taƙaddama kan ruwan bama-baman da aka yi wa biranen Jamus. Mutum na ƙarshe cikin 133 ɗin, George Johnson, ya rasu a watan Disamba na 2022 yana da shekara 101. Yanzu da babu sauran shaidu, littattafan aiki da rajistar maƙabartu su ne abin da ya rage wa ɗalibin tarihi. Ya kamata idan ya buɗe su ya karanta sunayen waɗanda ke cikin jirgi, ya kuma nemi na matan sansanin Neheim, domin dare ɗaya ne ya haɗa su.